Famfo goma sha biyu cikin hunturun bana

Litinin, 9 ga Janairu 2023, Birnin Kebbi

Mun gama lodi bayan la'asar. Famfon ban-ruwa mai aiki da hasken rana guda goma sha biyu, kowanne da farantin sola uku, da akwatin kwantirola, da naɗin tiyo, sai ƙarafan da za mu girke farantan a kansu. Wani Alhaji mai sayen shanshera ne ya biya rabin kuɗin, manoman kuma za su cika rabin a hannuna in na haɗa musu. Huɗu a ƙasar Argungu, biyu wajen Kamba, uku tsakanin Bunza da Suru, ɗaya a Koko, biyun ƙarshe can Yauri. Duk manoman shinkafar rani ne da tsadar fetur ta ishe su.

Na yi lissafin kwana goma. Kawu da ya ji sai ya yi dariya har goro ya kusa shaƙe shi, ya ce, "Injiniya, hunturu ba a yi mai lissahi." In yana son yi mini ba'a ne yake kira na Injiniya.

Motar ita ce akori-kurar marigayi mahaifinmu, Peugeot 504, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna. Ta girmi Autanmu nesa ba kusa ba, ni ma kusan sa'ata ce. Kawu ya so mu ɗauki shatar babbar mota, na ce a'a. Dalilin da na ba shi kuɗi ne. Dalilin da ban faɗa ba, shekara biyu ke nan tana ajiye a ƙofar gida kaji na kwana a ƙarƙashinta, ina so in ga ta sake cin abinci da guminta. Mun sauya baƙin mai da fulogi, mun jera farantan a tsaye da tsofaffin tabarmi a tsakaninsu. Bayanta ya zauna ƙwarai.

Da magariba dattijon Yauri ya kira, shi ne na ƙarshe a takardata. Ya ce ya zuba iri kwana biyar da suka wuce, yaushe zai gan mu? Na ce kafin irin ya isa dashe muna ƙofar gidansa.

Laraba, 11 ga Janairu, Argungu

Hazo ya sauka daren Litinin. Jiya da muka fito bayan asuba, fitilar mota na kunne amma ba abin da take nunawa sai farin bango. Tafiyar da ba ta wuce kilomita 50 da 'yan kai ba ta cinye mana safiya sukutum. A Ambursa, inda filin jirgin sama yake, Auta ya yi ta leƙe ko zai hango wani abu, bai ga ko inuwar gini ba. Rana ta fito fara fat kamar wata, kana iya kallon ta ido da ido.

Gaba da Ambursa kaɗan fanbel ya tsinke. Kawu ya zaro wani daga ƙarƙashin kujera, ya ce tun zamanin Baba yake nan. Rabin awa muka tashi. Na ɗauka shi ke nan mun biya kuɗin hanya.

An haɗa biyu zuwa yau. Abin da nake fara koya wa kowane manomi shi ne inda faranti zai kalla. Kudu zai kalla, a ɗan kishingiɗe, wajen digiri 12 zuwa 15, domin nan muna kan layi na 12 ne arewa da tsakiyar duniya. Ba na yi musu maganar digiri. Cewa nake yi, in ka fuskanci alƙibla, faranti ya kalli hannunka na dama. Wannan kowa ya riƙe shi.

Da yamma na kai Auta Matan Fada don bai taɓa zuwa ba. Ya sha jin labarin bikin kamun kifi, wanda aka faro a 1934, aka kuma sa shi cikin jerin al'adun duniya na UNESCO a 2016. Na ƙarshe da aka yi kafin zuwanmu shi ne na 2020. Ya tsaya yana kallon ruwa shiru cikin hazo, ya ce, "Yaya, nan ne duka?" Na ce ka dawo ranar da masu homa da gora suka cika shi.

Asabar, 14 ga Janairu, fadamar Augie

Huɗu sun kammala, amma yau na sha kunya.

Mutumin da muka fara haɗa wa ranar Talata ya biyo mu a babur tun da hantsi, ransa a ɓace. Ya ce famfon ya lalace, ruwa na fita kamar fitsarin akuya. Na bar Kawu da Auta, na hau bayansa. Ina isa na ga abin da ya faru tun daga nesa: farantan da muka bari baƙi wuluk suna sheƙi sun koma ruwan ƙasa, kana iya rubuta sunanka a kai da yatsa. Na cire hulata, na jiƙa wani tsohon rawani, na goge su ɗaya bayan ɗaya. Kafin in gama na uku ruwan da ke fitowa rabin tiyo ya cika baki.

Ƙurar nan ba ta gonarsa ba ce. Iskar arewa maso gabas ce ke ɗauko ta daga Sahara, kaso mai yawa daga wani kwari da ake kira Bodele a arewacin Chadi, gindin tsohon tafki ne da ya ƙafe. Laushinta ya fi na garin alkama, shi ya sa take rataye a sama kwana da kwanaki, kuma ba inda ba ta shiga. Wadda ta kwanta a faranti tana gogewa. Wadda take sama ba mai goge ta. Ranar da hazo ya yi kauri, famfo ba ya tashi da ƙarfi sai wajen ƙarfe goma, kuma kafin la'asar ya fara sanyi. Ni kuwa lokacin da na yi musu gwaji a watan Oktoba sararin sama tas yake, na cika baki na ce daga hantsi har yamma. Ban yi ƙarya ba, amma ban faɗi duka ba.

Na zaunar da shi da 'ya'yansa na ce kowace safiya a goge da tsumma mai laushi da ruwa mai tsabta, kafin faranti ya yi zafi. Ban da tsintsiya, ban da soso mai kaushi, kada kuma a watsa masa ruwan sanyi da tsakar rana. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Ashe jinjiri munka saya, kullum sai an yi mai wanka." Na ce jinjirin da ba ya shan fetur dai. Ya yi dariya, muka rabu lafiya.

Daga yau duk wanda na haɗa wa sai na sa ɗansa ya goge a gabana kafin in karɓi kuɗi.

Laraba, 18 ga Janairu, Kamba

Kwana biyu muka yi a hanyar da ake yi a wuni ɗaya. Mun biyo ta Kangiwa da rabin tanki, da tunanin za mu ƙara a gaba. Tunanin banza. Ko a Birnin Kebbi bana layin mai ake yi, balle nan, inda tun Nuwamban 2019 aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. An sake buɗe iyakar Kamba a Afrilun 2022, amma waccan dokar ta mai tana nan. Sai 'yan bumburutu. Muka sayi galan biyu a bakin hanya, farashin ba na son tuna shi.

Ba mu yi nisa ba mota ta fara shaƙuwa. Ta yi gaba, ta ja baya, ta yi tari, ta mutu. Kawu ya kwance kafireto a kan tabarma, ya nuna mini ƙasan kwanonsa: laka ce da ɗigon ruwa. Ya buɗe matatar iska, ya bubbuga ta a taya, ƙurar da ta fito ta isa a yi taimama. Ba zan ɗora wa mai man laifi duka ba. Galan a buɗe, mazurari a rataye a itace cikin wannan iska, me ake jira? Laifinmu ne da ba mu tace ba. Yanzu duk man da za a zuba sai ya bi ta cikin tsumma.

Magariba ta riske mu a wani ɗan ƙauye, Kawu ya ce ba ya haɗa kafireto da tocila. Muka kwana a rumfar mai shayi. Na sha kwana a waje, amma sanyin daren Litinin daban ne. Ba ya tsayawa a fata, ƙashi yake nema. Auta ya duƙunƙune a gaban mota da bargo biyu, ni da Kawu da mai shayin muka kewaye kututturen wuta, gabanka na ƙuna bayanka na ƙanƙara. Ruwan alwalar asuba sai da aka ɗora shi a wuta. Da gari ya waye batir ya ƙi juya inji, domin sanyi na rage masa ƙarfi kuma baƙin mai ya yi kauri. Samari shida suka tura mu, ko sisi suka ƙi karɓa.

Auta ya yi haɓo sau biyu. Leɓuna sun tsage, ba na iya dariya sosai. Wata tsohuwa a kasuwar Kamba ta sayar mana da man kaɗanya a gwangwani, tana yi mana magana rabi Hausa rabi Dandanci, da shi muke shafe leɓe da diddige har da cikin hanci.

Shida sun kammala. Kwana goman da na yi lissafi gobe suke cika. Dattijon Yauri ya kira, ya ce sanyi ya hana irin tashi da sauri, don haka in kwantar da hankalina. Shi ke ba ni haƙuri.

Lahadi, 22 ga Janairu, Bunza

Na kashe motar Baba da hannuna. Haka zan rubuta shi don haka ya faru.

Jiya a hanyar Bunza lagireto ya fara yoyo. Kawu ya yi dabarar tsofaffin direbobi, ya fasa ɗanyen ƙwai a ciki ya ƙara garin barkono, yoyon ya tsaya. Amma allurar zafi ba ta sauka ba, domin ƙura da ƙaiƙayi sun toshe ramukan lagireton daga waje, iska ba ta ratsawa. Ya ce mu tsaya ta huce, a wanke shi. Na duba agogo, na ce Kawu saura kaɗan, mu lallaɓa mu isa gari. Ya dube ni ya ce, "Ubanka da kai nai bai yi mata haka." Amma ya ja, don motar tamu ce ba tasa ba.

Ba mu isa ba. Farin hayaƙi ya turnuƙe daga salansa, ruwa na tafasa yana ɓulɓulowa. Da aka zaro sandar duba baƙin mai, ya koma kamar shayi da madara. Gasket ya ƙone. Wata motar itace ce ta ja mu da igiya zuwa gareji.

Makaniken ya ce kan injin ya ɗan lanƙwashe saboda zafi, sai an kai shi Birnin Kebbi an daidaita fuskarsa, a kuma nemo gasket. Kawu bai ce mini komai ba tun jiya. Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Laraba, 25 ga Janairu, Bunza

Mota na gareji, aiki bai tsaya ba. Mun yi hayar amalanken shanu zuwa fadama, kuma in faɗi gaskiya farantan sun fi samun kwanciyar hankali a kansa. Fadamar nan faɗi gare ta, a wannan yanki ne gulbin Zamfara ke haɗuwa da wanda ya biyo ta Argungu da Birnin Kebbi. Mutanen nan har yau suna maganar ambaliyar 2020 da ta shanye musu shinkafar damina, shi ya sa suka ɗauki noman rani da gaske. Ruwan ƙasa kusa yake, 'yar rijiyar bututu ta isa.

Bakwai, takwas.

Juma'a, 27 ga Janairu

Tara. Amma faranti ɗaya ya fashe. Gonar ƙarshe can wajen Dakingari take, na ga amalanke zai ɓata mana wuni, na ce a ɗauka a babur, Auta ya riƙe a baya. Iska ta shiga ƙarƙashinsa kamar tabarma, ta fizge shi daga hannun yaron. Allah ya kiyaye shi bai faɗo ba. Gilashin ya yi raga-raga. Na ɗauko ɗaya daga cikin na Yauri na cike. Yanzu famfo uku suka rage da faranti takwas.

Auta ya yi ta kuka yana cewa a cire a kuɗinsa. Wane kuɗi?

Talata, 31 ga Janairu, Birnin Kebbi

Ga wata sabuwa, ba ta mota ba, ba ta iska ba.

Manoma tara sun biya ni rabinsu, kuma dukansu da tsofaffin takardun ɗari biyu, ɗari biyar da dubu suka biya, don sabbin da aka fitar tun tsakiyar Disamba ba wanda ya gan su a fadama. Wa'adin daina karɓar tsofaffin kuwa yau ne ya kamata ya cika. Kwanakin nan ina kwana da jakar kuɗi a matsayin matashin kai, kuɗin da mai shayi ma ya fara juya su yana cewa ba ka da sabo? Ranar Lahadi muna zaune a gareji rediyo ta ce an ƙara wa'adi zuwa 10 ga Fabrairu. Makaniken ya ce alhamdu lillahi, amma shi dai kada in ba shi tsoho.

Jiya na shigo gari da jakar, na bi layi tun bayan asuba har azahar na zuba su a asusu. Na ce a ba ni ko kaɗan ne sabo, aka ce babu. Na zagaya wajen masu POS, wanda ke da tsaba sai ya cire ɗaya cikin goma, shi ma sai ka roƙe shi. Jiya ina da kuɗin da ba a karɓa, yau ina da kuɗin da ba na iya taɓawa. Na gwada tura wa makanike ta waya sau huɗu, sau huɗu aka cire a wajena bai gani ba, da dare ne biyu daga ciki suka dawo.

A ƙarshe da shinkafa muka daidaita. Ɗaya daga cikin manoman Bunza ya kai masa buhun shanshera, ni kuma na rage wa manomin a abin da ya saura a kansa. Kawu ya ce haka kakanninmu suka yi ciniki kuma ba su mutu ba. Wannan ce doguwar maganar farko da ya yi mini tun ranar gasket.

Na kwana gida. Uwargida ta buɗe ƙofa ta tsaya tana kallo na, ta ce, "Daga injin niƙa kake?" Gashin ido, gira, gemu, duk fari. Na yi odar faranti ɗaya, mai shagon ya ce irin nawa ya ƙare, sai kaya sun zo daga Kano.

Dattijon Yauri bai kira ba. Ni na kira shi. Irin ya kai kwana ashirin da bakwai. A ƙa'ida shinkafa irin su Faro 44 ana cire ta a dasa tana da mako uku, sanyi kan ba da ɗan rangwame zuwa huɗu. In ta wuce haka a gadon iri, tana tsufa, ba ta yin 'ya'ya da yawa bayan dashe. Ya san wannan ya fi ni sani. Ya ce, "Allah ya kawo ku lafiya, ɗana." Shi ke nan.

Asabar, 4 ga Fabrairu, Koko

An tayar da mota ranar Alhamis. Muryarta ta sauya, amma tana tafiya. Muka biyo ta Kalgo, Jega, Maiyama. Daga Jega hanyar ta zama ta manyan motoci, yawanci lodin albasa daga wajen Aliero suna gangarawa kudu, warinta na riga su isowa.

Jiya da sassafe muka kusa zama labari. Na matsa mu fito da wuri don mu rama kwanaki. Hazo ya dawo da ƙarfinsa, ga kuma hayaƙin dajin da masu farautar gafiya suka cinna wa wuta a gefen hanya, biyun suka haɗu. Kawu na tafiya a hankali, kansa a waje ta taga. Sai ya taka birki da dukan ƙarfinsa. Abin da ya gani ɗanyen ganye ne a kan kwalta, reshe ɗaya, sai wani. Ni ban ga komai ba. Muka tsaya, hazo ya ɗan yaye, sai ga bayan tirela a tsaye a tsakiyar hannunmu, ba fitila ba komai, tsakaninmu da ita bai fi tsawon tabarma biyu ba. Yaron motar na kwance a ƙarƙashi ya lulluɓe da buhu.

Ba wanda ya yi magana. Kawu ya gangara gefe, ya kashe mota, ya fita ya yi nafila raka'a biyu a kan tsakuwa. Da ya dawo ya kafa doka: ba tashi kafin ƙarfe tara, ba tafiya bayan biyar. Ban ce uffan ba. Dama dare a hanyar nan ba abin marmari ba ne, ko ba hazo, kowa ya san halin da ƙasar Yauri da Zuru suka shiga a 'yan shekarun nan.

Goma sun kammala. Kawu na tari mai ƙarfi da dare. Mai masaukinmu ya kawo kaskon gawayi ɗaki ya rufe ƙofa, na tashi na fitar da shi bayan ya tafi. Gara sanyi. Hayaƙin gawayi ba shi da wari, a ɗaki rufe kuma yana kashewa cikin barci.

Talata, 7 ga Fabrairu, Yelwa

Sifirin na baya ya karye a wani rami tsakanin Koko da nan. Abin mamaki, sai da kaya suka ragu ya karye, Kawu ya ce tun ranar lodi ya ji ciwon, yanzu ne dai ya faɗi. Muka ɗaga da jak, muka cusa guntun itacen kirya, muka ɗaure da robar tsohon tub. A haka muka shigo Yelwa a karkace kamar jakin da aka yi wa lodi gefe ɗaya, yara na bin mu da ido.

Sai kuma fitilar caji ta kama. Altaneta. Ban ma ji komai ba da aka faɗa mini.

Alhamis, 9 ga Fabrairu, Yelwa

Gonar dattijon a gungu take, sai an shiga jirgi. Mutanen ruwa ne tun kaka da kakanni. Ya taɓa ba ni labari a waya cewa yana yaro aka tashe su daga tsohon garinsu lokacin da madatsar Kainji, wadda aka gama a 1968, ta tara ruwa ya cinye gungaye da dama.

Faranti biyar, famfo biyu. Na yi ta juya abin a raina daren jiya. Ɗayan manomin gonarsa a bakin hanya take, yana da injin fetur da yake lallaɓawa. Na je na same shi na faɗa masa gaskiya: nasa zai jira faranti daga Birnin Kebbi. Bai ji daɗi ba, kuma yana da gaskiya, kuɗinsa daidai da na kowa. Amma ya yarda.

Jiya muka kai kaya bakin ruwa tun da safe, mai jirgin ya ce ba ya tashi. Hazo ya rufe ruwa, ba ka ganin inda ruwa ya ƙare sama ta fara, ga iska na tayar da igiya. Muka jira har azahar, ya sake cewa a'a. Da a farkon tafiyar nan ne da na nemi wani mai jirgin na ƙara masa kuɗi. Amma na tuna jirgin da ya nutse a wajen Wara a Mayun 2021 da mutane masu yawa a ciki, ruwan nan ne dai, na kuma tuna bayan tirelar nan. Muka kwashe kaya muka koma masauki.

A kasuwa ana ta maganar cewa Kotun Ƙoli ta dakatar da wa'adin gobe, bayan ƙarar da jihohin Kaduna, Kogi da Zamfara suka shigar. Mai kifi na karɓar tsohon kuɗi, mai biredi kusa da ita ba ya karɓa. Ni dai ba ni da ko wanne.

Asabar, 11 ga Fabrairu, Yelwa

Mun haye jiya bayan an sauko Juma'a, iska ta kwanta. Goma sha ɗaya.

Dattijon ya tarye mu a bakin ruwa, ɗan siriri, da babbar riga biyu a jikinsa saboda sanyi. Wata guda muna magana a waya, ban taɓa ganin sa ba. Bai kai mu gida ba, gona ya wuce da mu. Rabin irin ya dasa tun makon jiya da injin maƙwabcinsa, da man da ya saya da kuɗin akuyarsa. Sauran rabin na nan a gado, ya yi tsawo, ya yi ja a baki, kwana talatin da bakwai. Ya tsuguna ya ciro ɗaya, ya nuna mini saiwar, ya mayar. Bai ce komai ba, ni ma ban ce ba.

Muka haɗa cikin awa biyu, Auta yanzu ba sai na gaya masa wayar da zai kama ba. Ruwa ya fito wajen la'asar, ba da ƙarfi ba don rana ta yi ƙasa, amma ya fito. Jikansa ya goge farantan a gabana. Da ya kawo kuɗi a ƙulle cikin leda na cire ladan aikina na mayar masa. Ya ƙi, na ƙi, ya ce, "Ɗana, hanya ce ta riƙe ka." Na ce Baba, ba hanya ce kaɗai ba. Ya karɓa, amma ya cika mana kwali da busasshen kifi, ya ce wannan na direba ne. Ya ce zai dasa sauran haka nan, bibbiyu ko uku-uku a rami, abin da Allah ya ba shi ya karɓa.

Inda aka tsaya yau: famfo ɗaya ya rage, yana jiran farantin da mai shago ya ce zai saka a motar haya ranar Litinin. Akori-kura na gareji, an samu sifirin na hannu, altaneta kuma an kai wa mai naɗi. Kawu ya ce tarin nan ya ishe shi, kuma yana so ya kasance gida kafin zaɓen 25 ga wata, don haka gobe zai bi motar haya. Ya ce in an gama gyara in samu wani direba, ko in sayar da ita nan Yelwa ga masu jigilar kifi. Na ce zan yi tunani. Ya ce, "Yi da sauri, Injiniya, kahin ita ta yi maka."

Ina cikin rubuta wannan mutumin Argungu na farko ya kira. Ya ce famfon ya sake rage ruwa. Na ce yaushe rabon da a goge? Shiru. Sai na ji yana ƙwala wa ɗansa kira.